Kwana Ukun da Na Ɓoye wa Ladi

Matata Ladi ba ta da ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa. Duk wanda ya san mu a Jega ya san haka, kuma in ka tambaye shi dalili zai ce maka haɗarin mota ne, ko ya ce ɗori ne ya ɓaci, ko ya buɗe hannu ya ce haka Allah ya so. Na daɗe ina barin mutane da waɗannan amsoshi domin sun rufa mini asiri. Yanzu na tsufa, na kuma gaji da su. Ita ce ma ta ce in zauna in rubuta yadda abin ya faru, ko wani mai girman kai irina zai karanta ya tsira da ƙafar matarsa.

Sunana Dauda, mutumin ƙasar Zuru ne, Kirista. A shekarun da muke ƙarƙashin Sakkwato, tun ba a yanke jihar Kabi ba, aka turo ni Jega aikin malamin gona. Ina yawo a babur ɗin gwamnati daga Fagada zuwa Jandutsi zuwa Alelu, ina koya wa manoman albasa abin da rabinsa sun fi ni sani. Muna haya a gidan Malam Sahabi, malamin makarantar allo kuma manomi, ni da Ladi da 'yarmu Asabe mai shekara biyar. Ladi tela ce, da keken ƙafa take ɗinki. Cocinmu ɗaki ɗaya ne na kwano a bayan gari, yawancinmu baƙi ne ma'aikata. Ni nake karanta Littafi ranar Lahadi, kuma a lokacin ana ta maganar za a sa ni cikin dattawan coci. Ina son wannan matsayi fiye da yadda nake nunawa.

Lokacin cirar albasa ne, zafi ya fara. Wata Juma'a Ladi ta je Maiyama kai ɗinkin biki, ta shigo a-kori-kura da aka labta wa buhunan albasa, mutane a sama. Taya ta fashe, motar ta kwanta a gefen hanya, buhuna suka zubo mata a ƙafa. Babu wanda ya mutu. A wannan ƙasa in ƙashi ya karye ba a tsayawa shawara, Aliero ake nufa. Kafin labari ya same ni a gona an riga an kai ta gidan wani mai ɗori.

Na iske ana riƙe da ita, mai ɗorin, wani tsoho, yana jan ƙafar. Ya shafa man shanu, ya jera kara da aka fere, ya naɗe da tsumma ya ɗaure tamau, ya yi tofi a kai. Ladi ta suma tun a wurin ja, ba ta san an gama ba. Da ya wanke hannu sai ya ja ni gefe, mu biyu kawai.

"Malamin gona, ka jiya? Na ɗaure da ƙarhi don ƙashin shi zamna. Amma ƙahwa za ta kumbura, ɗaurin shi matse ta. Kwana ukku ka maido min ita in sassauta. Ukku nic ce. Kak ka bari ta kwan huɗu."

Na ce na ji. Ya ce ko in bar ta a ɗakunan jinya na gidansa, na leƙa na ga mutane a kwance kan tabarmi, na ce a'a, gida za mu.

Ranar Lahadi bayan sujada 'yan coci suka cika mana ɗaki. Cikinsu akwai Baba Tanko, babban dattijonmu, tsohon ma'aikacin hanya, mutum mai gaskiya wanda kowa ke jin nauyinsa. Ya duba ƙafar, ya yi addu'a, sannan a bakin ƙofa ya tambaye ni a gaban mutane.

"Dauda, da ya ɗora, ya yi tofi?"

"Ya yi, Baba."

"To. Ban ce ɗori laifi ba ne. Amma kai mai tsayawa gaban jama'a da Littafi a hannu, a ce kana zarya gidan tofi? Ka dai yi tunani."

Mutum biyu ko uku suka gyaɗa kai. Dole in yi wa Baba Tanko adalci: bai hana ni komawa ba, kuma ban gaya masa maganar kwana uku ba. Da na faɗa, na san halinsa, da shi zai fita neman mota.

Litinin ce rana ta uku. Na tashi da safe na tsaya gaban babur ina saƙe-saƙe. In na koma Aliero, kafin la'asar labari ya kai coci. In na kai ta asibiti, na san yadda nas-nas ke yi wa wanda ya zo da karan ɗori a ƙafa, su tara masa jama'a da faɗa, ni kuma ma'aikacin gwamnati mai takarda. Sai na ce wa kaina ai ƙashi ya riga ya zauna, tsofaffin nan suna son a yi ta zarya ne kawai. Na hau babur na tafi Alelu duba rumbun albasa.

Da na dawo na tarar da Ladi tana gumi, ta damƙe bakin gado.

"Baban Asabe, ya ce yaushe za mu koma? Abin nan yana cina kamar wuta."

"Mako biyu," na ce.

Haka maganar ta fito, ko tuntuɓe harshena bai yi ba. Da yamma Malam Sahabi ya tare ni a zaure.

"Malam Dauda, ba a kai ɗiyar mutane a sassauta mata ɗaurin nan ba? Mu dai mun saba kwana ukku."

"Ya ce nata daban ne, Malam, sai mako biyu."

"To, shi ya san aikinai."

Ni ne fa mai koya wa manoma auren mangwaro, ni ne mai ce musu kada su matse ɗaurin, reshen zai bushe. Na san wannan a kan itace, na manta da shi a kan matata.

Talata da Laraba ba ta ci komai ba sai kunu. Yatsun suka kumbura suka yi sheƙi, in ka taɓa sanyi ƙalau. Na sayo ƙwayoyin ciwo a kemis, na yi ta ba ta. Ranar Alhamis da safe ta ce zafin ya tafi, ba ta jin komai a ƙafar. Murna ta kama mu. Na kira Asabe muka durƙusa gaban gado, Ladi da kanta ta ja addu'ar godiya, har da waƙa. Yatsun sun fara duhu a ranar, na gani, na ce jini ne ya kwanta.

Ranar Asabar Inna Hajo, matar Malam Sahabi, ta shigo da kunu. Ta tsaya a tsakar ɗaki ta ja numfashi, ta ajiye kwanon, ta ɗaga zanen da aka rufe ƙafar. Sai ta fita ta kira mijinta. Ni ma na ji warin tun ranar Juma'a, na ɗora wa man shanu laifi.

Malam Sahabi ya bar karatun ɗalibansa ya samo mota, muka koma Aliero. Mai ɗorin ya yanke tsumman da aska, karan suka zube. Ba zan kwatanta abin da muka gani ba. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanga ya wuce ni. Ku tahi asibiti, kak ku tsaya ko shan ruwa."

Ana sa Ladi a mota ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya yadda babu mai ji.

"Kwana nawa nic ce maka?"

Na sunkuyar da kai.

"Allah shi kyauta," ya ce, ya juya.

A asibitin kusa suka duba suka ce ba nasu ba ne, suka ba mu takarda zuwa Sakkwato. Muka isa da rana tsaka. Layin kati daban, layin ganin likita daban, Ladi a kwance kan benci zazzaɓi yana kaɗa ta, ƙuda suna bin zanen. Wata nas ta ɗaga ta duba, ta ce, "Ku da masu ɗorinku! Sai sun kashe ƙafa ku kwaso mana." Har gyaɗa mata kai na yi.

Likitan ya kira ni ofis ni kaɗai. Maganarsa tana nan a kaina har yau. Ya ce karayar mai sauƙi ce, ba ita ta kashe ƙafar ba, ɗaurin ne ya hana jini wucewa. Ya ce da an sassauta da wuri, da da ƙafarta za ta koma gida. Yanzu kuwa in ba a yanke ba, ruɓar za ta hau ta tafi da ita gaba ɗaya. Ya turo mini takarda na sa hannu.

Da na gaya wa Ladi, tambaya ɗaya ta yi: "Daga ina?" Na nuna mata a tawa ƙafar. Ta juya fuska ga bango.

Aka ce a nemo jini. Na ba da nawa, Malam Sahabi ya naɗe hannun riga ya ba da nasa, bai ma bari na roƙe shi ba. Washegari aka yi aikin.

Makon farko ba ta san inda take ba sosai. Yayarta Kande ta zo daga Zuru, muka raba jinyar, ita a ciki ni a baranda tare da sauran masu jinya, kowa da tabarmarsa da butarsa. Komai sai an rubuto ka fita waje ka sayo, ruwan ƙari, allura, har auduga. Rediyona ya tafi kasuwa a mako na biyu, awakin Ladi suka bi shi a na uku. Wata rana ka zo da magani a ce ba shi ba ne, ka koma. Amma a cikin nas-nas ɗin akwai wata tsohuwa da ke wanke ciwon kamar na 'yarta, ba na manta ta.

Da hankalinta ya dawo, sai masu gaisuwa suka fara zuwa, kowa da bayaninsa a baki. Ban taɓa sanin mutane sun san zuciyar Allah haka ba sai da matata ta rasa ƙafa. Malam Sahabi ya ce, "Ladi, ki yi haƙuri. Abin da an ka rubuta ma mutum ba shi wuce shi. Allah ba Shi zalunci, amma ba Shi shawara da mu." Ta ce ta gode, domin ta san jininsa na jikinta. Wata mata daga cocinmu ta zauna bakin gado ta ce Ladi ta bincika zuciyarta, wataƙila akwai zunubin da ba ta tuba ba. Kande ta miƙa mata jakarta ta raka ta har ƙofa, ban ji abin da ta ce mata ba, amma matar ba ta sake zuwa ba.

A mako na uku Baba Tanko ya shigo mota ya zo. Ladi ta iya karatu, kuma tun da ta fara zama take buɗe Littafi tana juya shafuka kamar mai neman abin da ya ɓace. Bayan gaisuwa ta ce masa:

"Baba, ina da tambaya. A wani wuri na karanta cewa Shi ne mai kawo alheri, Shi ne kuma mai kawo masifa. A wani wurin an ce babu mugunta a wurinsa ko kaɗan, ba Ya jefa kowa cikinta. Ni ba malama ba ce. Ƙafata a wane wurin take?"

Baba Tanko ya gyara zama. "'Yata, Allah ba Ya aikata mugunta. Masifar da kika karanta hukunci ce a kan masu tayarwa, ba a kan irinki ba. Mugunta daga Shaiɗan take, da zuciyar mutum, da lalacewar da duniya ta yi tun farko. Shi dai Yakan ƙyale abu ya faru, domin wani dalili da ba mu gani yanzu."

"Yakan ƙyale," in ji ta. "Baba, in ina zaune Asabe ta nufi murhu, ina kallonta, ina iya miƙa hannu, na ƙyale ta ta faɗa wuta, za ku ce ba ni na ƙona ta ba?"

"Ke uwa ce, Shi Allah ne. Ba ɗaya ba ne."

"Na sani, Baba. Shi ya sa na zaci zai fi ni."

 Ta ci gaba, ba da ihu ba, a gajiye take magana. Ta ce ita ba ta ga mutumin da za ta kama ba. Direba bai fasa tayarsa da gangan ba. Mai ɗori ya ce mako biyu, mu kuwa ko kwana tara ba mu cika ba, mun yi duk abin da aka ce. Ta ce abin da ya fi ci mata rai ranar Alhamis ɗin nan ce. "Likita ya ce ranar da zafin ya tafi, ranar ƙafar ta mutu. Muna durƙushe muna yi maSa waƙar godiya, Yana ji, Ya san ƙafar ta mutu, Ya karɓi godiyar."

Ina tsaye a ƙafar gado riƙe da kwanon abinci. Kalma ɗaya ta ishe ni in warware maganar. Ban faɗe ta ba.

Daga ranar ta rufe Littafi ta ba Kande ta ce a sa a akwati. In aka zo addu'a a ɗakin sai ta juya ga bango, ko amin ba ta cewa. Ita ce fa matar da a da take tashi da waƙa ta kwanta da waƙa. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ita: na ji sauƙi. Muddin tana fushi da Allah, ba za ta waiwayo kaina ba. Na bar Shi Ya ɗauki kayana, na ce ai Shi ba Ya gajiya.

A mako na biyar ciwon ya yi ruwa, ɗinkin ya buɗe, zazzaɓi ya dawo. Aka sake shiga da ita aka rage wani wuri. Na koma Jega sau biyu neman izini a ofis da duba Asabe, wadda Inna Hajo ta riƙe kamar jikarta. Hanyar nan ta Jega zuwa Sakkwato na san kowane rami nata. A mako na takwas aka sallame mu, da sandunan da wani kafinta ya yi mata, ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Damina ta same mu a gida. Kande ta koma wurin 'ya'yanta, jinya ta dawo kaina. Na koyi tuƙa tuwo, na koyi wanki, ni ke ɗaukar ta zuwa bayan gida, ni ke naɗe dungun da bandeji safe da yamma. Wani lokaci ta farka tana sosa inda babu ƙafa, ta ce yatsunta ke ƙaiƙayi. Keken ɗinki yana lulluɓe a lungu, ba mai kallon wajen. Mutanen unguwa suka yi ta yabona, wai ba a taɓa ganin miji irina ba. A coci aka sa ni cikin dattawa, aka ce haƙurina abin koyi ne. Na samu abin da nake so, ya zame mini kamar tuwon jiya a maƙogwaro.

Ladi ba ta yi mini rashin kirki ba ko sau ɗaya. Kullum sai ta ce, "Sannu, Baban Asabe, na zame maka wahala." Wannan sannun ta fi zagi ciwo. Coci kuwa ta ce ba za ta ba. Har Asabe ta daina rufe ido kafin cin abinci, na yi mata magana, ta ce ai Mama ma ba ta yi.

Wata Lahadi bayan an tashi, Baba Tanko ya ce in raka shi. Muka tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi a bakin hanya. Ya rame, ko ni na ga haka.

"Dauda, tambayar matarka ta hana ni sakat. Na karanta har idona ya gaji, ban samu amsar da zan kai mata ba. Abin da na faɗa mata a asibiti na gaskata shi, amma na ga bai kai inda ciwon yake ba." Sannan ya ce, "Akwai kuma abin da ke damuna. Maganar tofin nan da na yi maka. In ita ce ta sa ka yi nauyin ƙafa wajen komawa, ka gaya mini, in je in durƙusa mata."

Na ce a'a, Baba, ba ruwanka.

"To, madalla. Domin abu ɗaya da na lura a karatun nan shi ne, mutumin farko da aka tambaya me ya yi, bai ce na yi ba. Ya tura wa matarsa, ya tura wa Wanda Ya ba shi ita. Tun ranar muke yi wa Allah haka. Ni dai ba na so in mutu ina cikin masu yi."

Bai san da wa yake magana ba. Tsoho mai shekara saba'in yana neman laifin da zai ɗauka, ni mai laifin ina tsaye da rigar dattawa. Na raka shi har gida, na dawo a ƙasa, ban ma tuna na bar babur a coci ba.

Na iske Ladi a inuwar ɗaki tana tsince wake a faifai, sandunanta a jingine. Asabe tana wurin Inna Hajo. Na zauna a ƙasa gabanta.

"Ladi, mai ɗori bai ce mako biyu ba."

Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Kwana uku ya ce. Ya ja ni gefe kina sume, ya ce in maido ki ya sassauta, kada ki kwana huɗu. Na ji kunyar 'yan coci, na ji kunyar asibiti, na ƙi kai ki ko'ina."

"Ka ji shi da kyau?"

"Na ji."

"Ranar da na tambaye ka, ina riƙe da gado?"

"Ranar ce ta ukun."

"Da muka durƙusa ranar Alhamis, ka sani?"

"Ban san ta mutu ba. Amma na san an wuce kwanakin."

Ta daɗe tana kallon faifan. Na zaci za ta yi kuka ko ta jefe ni da shi, da ta yi da na ji daɗi. Sai ta ce, "Wata biyar. Wata biyar ina gaba da Wanda ban iya gani, kai kuwa kana nan kana tuƙa mini tuwo." Ta ɗauki sandunanta, na miƙa hannu in taimaka, ta ce kada in taɓa ta. Ta tashi da kanta, da ƙyar, ta shiga ɗaki. A bakin ƙofa ta tsaya ba ta juyo ba.

"Kada ka zaci ka wanke Shi duka. Tayar motar ba kai ka fasa ba. Kuma Yana kallonka ranar Litinin ɗin, bai karya maka babur ba. Wannan tsakanina da Shi ne, zan ci gaba da tambayarSa. Amma ƙafata kai ne."

Ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan, har yau. Malamai na coci da na allo sun fi ni sanin inda ikon Allah ya tsaya da inda na mutum ya fara. Ni abin da na sani, kafin ka ce haka Allah ya so, ka duba ko akwai abin da aka gaya maka ka ɓoye. In an ɗora wa wani naka ƙashi aka ce ka dawo rana kaza, ka koma ko duniya za ta yi da kai. In yatsu suka yi sanyi, ko suka yi duhu, ko zafi ya ɗauke farat ɗaya, ba sauƙi ba ne, ka nufi asibiti a ranar, ka bar nas su yi faɗansu. Kuma a bar majinyaci ya ji maganar mai magani da kunnensa.

Na je na gaya wa Baba Tanko, na ajiye dattijantakar. Na gaya wa Malam Sahabi, ya ce, "Subhanallahi, Malam Dauda," bai ƙara ba, kuma bai tashe mu daga gidansa ba. Na je Aliero na nemi gafarar tsohon da aka yi ta zagi a kan laifina, ya ce shi ya manta. Allah Ya saka musu, su da Inna Hajo da Kande.

Ladi ta yi kusan wata biyu ba ta yi mini magana ba sai ta dole. Ta koyi naɗe dungun da kanta, ta koyi zuwa bayan gida da sanduna, ta faɗi sau da yawa ba ta kira ni ba. Na gaji a lokacin fiye da duk kwanakin asibiti.

Wata safiya bayan an fara yankan gero, ina tsakar gida ina hura wuta, sai na ji muryarta daga ɗaki. Addu'a take yi a bayyane, yadda ta saba da. Ba waƙa, ba godiya mai tsawo, magana take yi kamar da wanda aka daɗe ba a gaisa ba. Na bar wutar na matsa jikin bango. Ta ambaci Asabe, ta ambaci Kande, ta ambaci Malam Sahabi da iyalinsa, ta ambaci mai ɗori, har direban motar. Na zaci ta gama. Sai na ji ta ce:

"Ga kuma Baban Asabe. Ka san abin da ya yi, Kana wurin. Ni ban san yadda zan yi da shi ba tukuna. Ka riƙe mini shi."

Na ce amin a hankali, ban sani ba ko ina da izinin faɗa.